Na Kwana A Daji Ba Don Gudun 'Yan Bindiga Ba: Tafiyar Ɗan Tozai Zuwa Dutse Mafi Tsawo A Najeriya

Ranar da na faɗa wa mahaifiyata cewa zan je Taraba in hau dutse, in kuma kwana biyu a daji, shiru ta yi a waya har na zaci sabis ne ya ɗauke.

Can sai ta ce, "Mi kaka biɗa bisa dutsi? Mu muna gudun daji, kai kana biyan kuɗi ka kwana cikinai?"

A lokacin ba ni da amsar da zan ba ta.

Mu mutanen Tozai ne, a yankin Isa da Sabon Birni da ke gabashin Jihar Sakkwato. Duk wanda ya san yankin a 'yan shekarun nan ya san abin da kwanan daji ke nufi a bakin mutanenmu. Idan aka ji rugugin babura da daddare, ko labari ya zo cewa an ga 'yan bindiga sun doso gari, mata su goya yara, maza su ja tsofaffi, a kutsa cikin gero ko ƙarƙashin sabara, a kwanta ruf da ciki sai gari ya waye. Mahaifiyata ta yi irin wannan kwana ba sau ɗaya ba, kafin mu dawo da ita cikin garin Sakkwato.

Tsoron kuwa yana da dalili. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana guda a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 an ƙona matafiya fiye da 20 a cikin mota a kan hanyar yankin. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutanenmu sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar, wasu har yau ba su dawo ba.

Amma dajin da na tashi na sani ba wannan ba ne. A dajin muka yi kiwon awaki, muka ɗebi magarya da kurna da aduwa, muka harbi kurciya da danƙo. Manyanmu kan kwana a gona lokacin girbi ba tare da wani ya ɗaga hankalinsa ba. Yau yaron da aka haifa shekara goma da suka wuce a garinmu bai san daji ba sai a matsayin wurin da mugun abu ke fitowa.

Abin da ya kai ni Taraba ke nan. Ina so in gani ko har yanzu akwai wani wuri a Arewa da mutum zai shimfiɗa bargonsa a tsakiyar daji, ya yi barci don ganin damarsa. Tunda kuma zan yi, sai na zaɓi wuri mafi bisa a ƙasar gaba ɗaya.

Dutsen da yawancinmu ba mu san da shi ba

Idan ka tambayi mutum a Kano ko Sakkwato dutse mafi tsawo a Najeriya, da wuya bai ce maka Zuma ko duwatsun Jos ba. Amsar ita ce Chappal Waddi, wanda mutanen yankin ke kira Gangirwal, a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Tsayinsa mita 2,419 ne idan aka auna daga bakin teku. Duwatsun Shere na Jos sun tsaya ne a mita 1,829. A duniya dai ba wani gagarumin dutse ba ne, domin Kilimanjaro na Tanzaniya ya kai mita 5,895, amma a ƙasar nan babu inda ya fi shi.

Ga mutumin Tozai, lissafin ya fi ban tsoro. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta daga bakin teku bai wuce mita 300 da ɗan wani abu ba. Wato zan tashi sama da garinmu da kusan kilomita biyu cur. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan ko da rana ɗaya ce da iska ɗaya, ƙololuwar dutsen za ta fi Tozai sanyi da digiri 13 zuwa 14.

Dutsen yana cikin Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 bayan an haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya fi Jihar Legas nesa ba kusa ba, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Laƙabin da aka fi sanin dutsen da shi shi ne Dutsen Mutuwa. Wannan ɓangaren ban faɗa wa mahaifiyata ba.

Akwai wata alaƙa tsakanin wurin da Sakkwato da ban sani ba sai da na fara shirin tafiya. Yankin ya kasance a hannun Jamusawa har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yanzu akwai kangon sansaninsu kusa da ƙauyen Gashaka. Daga baya ya koma hannun Ingila. A watan Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka kaɗa ƙuri'ar shiga Najeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna, don karrama Sa Ahmadu Bello. Ba don wannan ƙuri'a ba, da dutse mafi tsawo a Najeriya wani ne daban.

Kwana uku a hanya

A farkon Disamba na tashi, bayan damina ta ɗauke, koguna sun fara ja baya. Daga Kano, inda nake zaune, na bi ta Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, na kwana. Washegari na shiga motar Bali, daga can zuwa Serti, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, inda ofishin gandun dajin yake.

Kayana duka a jakar goyo ɗaya suke: ƙaramin tanti da na aro wurin wani aboki, bargo, rigar sanyi biyu, tocila, ashana, ƙaramar tukunya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, ganyen shayi da sukari, sai batirin cajin waya. Takalmin kambas na saka, wanda daga baya na gane bai isa ba.

Niyyata tun farko ita ce in hau ni kaɗai, ba ayari, ba abokin hira. A Serti aka warware mini wannan. Ba a shiga gandun sai da izini, kuma ba a barin baƙo ya shiga ba tare da jami'i ba. Da na nuna ɗan ɓacin rai, jami'in da aka haɗa ni da shi, wani magidanci mai kimanin shekara hamsin, ya yi dariya ya ce, "Malam, ƙafarka ce za ta kai ka, babu mai ɗaukar ka. Ni dai aikina in tabbatar ka dawo."

Mun yi yarjejeniya: zai riƙa tafiya nesa da ni, zan kafa tantina a inda na zaɓa, zan dafa abincina, kuma idan ƙololuwar ta bayyana a fili zai bar ni in ƙarasa ni kaɗai.

Daga Serti hanya ta miƙa zuwa Mayo Selbe, a nan ne ake fara hawan tsaunin Mambila. Titin na nannaɗe da jikin dutse kamar rawani, gefe guda bango, gefe guda rami mai zurfin da ba a son leƙawa. Kunnuwana suka toshe, fasinjoji suka fara jawo mayafai. Da muka kai sama sai ƙasa ta canja gaba ɗaya: tuddai masu ciyawa iya ganinka, itatuwan turare a jere, shanu jajaye masu dogayen ƙahonni. Sanyin wurin ne ya hana tsando zama, shi ya sa makiyaya suka daɗe da mayar da shi gida. A wannan tsaunin ne kuma gonar shayi ta Kakara take.

Mun kwana a Nguroje. Da sassafe muka hau acaɓa zuwa Njawai, ƙauyen da akasarin masu hawan dutsen ke farawa daga cikinsa. Hanyar jan ƙasa ce mai ramuka da gangare, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa saboda babur ya kasa hawa da mutum biyu. A Njawai muka gaida manyan gari, muka ɗauki wani saurayi Bafulatani da ya san hanyoyin shanu, ya zama ɗan jagora.

Tudu bayan tudu

Wanda bai taɓa hawan dutse ba yana zaton abu ɗaya ne a tsaye, ka fara daga gindi ka ƙare a kai. Gangirwal ba haka yake ba. Tudu ne bayan tudu. Ka hau ɗaya da ƙyar, ka zaci ka ci riba, sai hanya ta gangara da kai cikin kwari, ka tsallake rafi, ka sake fara wani hawan daga tushe.

Cikin awa biyu na farko na gane bambancin tafiyar ƙasarmu da ta nan. Ni mutum ne da ya saba taka ƙasa, a da ina zuwa kasuwannin ƙauye a ƙafa in dawo. Amma a nan cinyoyi ne ke aiki, ba tafin ƙafa ba, kuma numfashi na ƙarewa tun kafin ƙarfi ya ƙare. Ɗan jagoran kuwa da takalmin roba da sanda a kafaɗa yake tafiya kamar mai zagayen tsakar gida. Idan ya yi nisa sai ya zauna a kan dutse ya jira, bai taɓa ce mini in yi sauri ba.

A saman tuddai ciyawa ce zalla. A cikin kwaruruka kuwa kurmi ne mai duhu, itatuwa dogaye, gansakuka ta lulluɓe jikinsu, ruwa na gudu a ƙasa mai sanyi kamar na randa. Ruwan waɗannan duwatsu ne ke taruwa ya shiga Kogin Taraba, daga can ya faɗa Binuwai. Na sha da hannuna, na cika gorata.

A wani kurmi muka ji hayaniya a sama, sai ga birai masu baƙi da fari da dogayen wutsiyoyi suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Gandun ya shahara da birin cimfanzi, irin wanda ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, kuma tun shekarar 2000 masu bincike daga Ingila suka kafa aikin nazarin birai a cikinsa. Akwai ɓauna, da gwanki, da gada, da damisa, da dorina a kogunan ƙasa, da tsuntsaye iri fiye da 500. Ni dai biran nan na gani, sai sawun ɓauna a bakin wani rafi, wanda jami'in ya nuna mini da bakin sandarsa.

Wajen la'asar takalmina ya fara cin diddigena. Na naɗe wurin da tsumma, muka ci gaba har rana ta yi ja.

Daren farko

Na kafa tantina a wani ɗan fili kusa da bakin kurmi, tazarar jifa biyu daga inda jami'in da ɗan jagora suka hura wutarsu. Na yi alwala da ruwan da ya sa yatsuna suka sandare, na yi sallah, na dafa shayi, na jiƙa gari da ƙuli-ƙuli.

Da duhu ya rufa sai jikina ya koma Tozai ba da shawarata ba. Na kama kaina ina kashe tocila da sauri don kada a hango haske. Na kama kaina ina ajiye takalmi kusa da kai, bakinsa na kallon ƙofa. Na duba ta ina zan bi idan an zo. Duk ƙarar da na ji sai in kasa kunne in tantance ko ta inji ce.

Babu inji. Iska ce a cikin ciyawa, sai kwaɗi a rafi, sai wani tsuntsu da ban san sunansa ba. Sabis ya ɗauke tun da rana, don haka babu mai kira ya ce an shiga gari kaza, babu saƙon WhatsApp mai hoton gawa. Na daɗe rabona da dare irin wannan, har na manta yadda ake yin sa.

Sanyi ne ya raba ni da tsoron. Wajen tsakar dare ya sauko kamar an buɗe ƙofar firji. Na saka rigunan sanyin duka biyu, na duƙunƙune cikin bargo, haƙorana na haɗuwa. Na leƙa waje sau ɗaya, na ga taurari sun cika sama har ba masaka tsinke, kamar yadda muke ganin su a gona muna yara. Daga nan ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, sai asuba.

"Kai Bagobiri ne?"

A rana ta biyu hanyarmu ta bi ta wata ruga. A cikin gandun akwai wuraren da doka ta keɓe wa makiyaya da manoma da suka riga gandun zama, kuma a kewayen dutsen ma rugage ne nan da can.

Ba zan ɓoye ba, da na hango bukkoki da shanu gabana ya faɗi. Na tashi tare da Fulani, mun yi makaranta tare, nonon da muka sha a gidanmu daga hannunsu yake. Amma shekarun nan sun yi mana ɓarnar da ba ta tsaya a kan dukiya da rayuka ba. Sun koya wa jikinmu jin tsoron maƙwabci tun kafin hankali ya yi magana, duk da mun san Fulanin yankinmu da yawa su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'yan uwa.

Wani dattijo ya fito daga bukka ya amsa sallamarmu, ya sa aka shimfiɗa mana buzu. Ya dubi tsagar fuskata ya ce, "Kai Bagobiri ne? Me ya kawo ka nan, ɗana?"

Na ce, "Baffa, dutse na zo gani."

Ya tambayi garinmu. Da na ambaci Isa da Sabon Birni sai ya girgiza kai, ya ce yana jin sunayen a rediyo, kuma bai taɓa jin su da labari mai daɗi ba. Ya yi mana addu'a, sannan ya sa aka kawo kindirmo a ƙwarya. Na yi ƙoƙarin ba shi kuɗi, ya ture hannuna. Da na ciro dabino na ba yaran gidan, wannan ya karɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na tarar. Tsaunin Mambila ma ya ga nasa tashin hankalin: a watan Yunin 2017 rikicin ƙasa tsakanin makiyaya da manoma ya ci rayuka da dukiya mai yawa a Ƙaramar Hukumar Sardauna. Mutanen nan sun san baƙin ciki. Bambancin shi ne har yanzu baƙo na iya yin sallama a ruga a ba shi wurin zama.

Sa'a ɗaya ni kaɗai

Mun kwana na biyu a gindin hawan ƙarshe. Da gari ya waye jami'in ya nuna mini doron dutsen, ya ce in bi shi kada in kauce hagu ko dama, su za su jira ni a nan. Na bar jakar, na ɗauki gora da dabino da waya.

Hawan ya miƙe sosai. Ina taku ashirin in tsaya, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Wani wurin sai da na kama ciyawa da hannu biyu. Sau uku ina ganin abin da na zaci ƙololuwa ce, in isa in tarar akwai wata a bayanta. A karo na huɗu na ɗaga kai ban ga komai a gabana ba sai sama.

Tudu ne mai ciyawa, iska na kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Ta gabas duwatsun Kamaru ne jere bayan jere har suka narke cikin hazo. Ta yamma dazuzzukan Gashaka ne a ƙasa, gajimare na yawo a kansu, wato ina kallon gajimare daga sama. Na juya arewa maso yamma, inda na ƙiyasta Tozai take, na tsaya. Na yi zaton zan yi ihu ko in yi kuka. Ban yi ko ɗaya ba. Na zauna na ci dabino uku, na karanta Fatiha ga waɗanda muka rasa, na ɗauki hoto.

A saukowa ne na gamu da abin da ba zan manta ba. Hazo ya taso daga kwari cikin 'yan mintoci ya rufe ko'ina, har ba na ganin abin da ya wuce taku goma. Na ci gaba da tafiya, wanda kuskure ne, domin ƙa'ida ita ce mutum ya tsaya wuri guda har ya washe. Can na lura gangaren da nake bi ya fi wanda na hau tsanani. Na kauce daga doron.

Sai na ji motsi. Wani mutum ya ɓullo daga cikin hazon da abu dogo a kafaɗarsa. Ƙafafuna suka mutu. A cikin daƙiƙa guda na ga duk abin da ake ba mu labari a gida.

Yaro ne, bai wuce shekara goma sha uku ba, sandar kiwo ce a kafaɗarsa. Hausarsa kaɗan ce, Fulatancina babu. Ya dube ni, ya nuna inda na dosa, ya girgiza kai, ya yi alama da hannu cewa rami ne. Sannan ya juya ya ce, "Zo." Na bi shi kamar rabin sa'a har muka ji kiran ɗan jagora. Kafin in gama laluben aljihu ya koma wurin shanunsa.

Jami'in bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Ka ga dalilin da ya sa ba a shiga kai kaɗai."

Abin da ke tsare daji

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da ya sa wannan dajin bai zama kamar namu ba. Girma ba shi ne dalili ba, domin Gashaka ya fi Dajin Gundumi da ke kan hanyar Isa girma da duhu da wuraren ɓuya. Kuma ba wai babu masu kwaɗayinsa ba ne. Akwai mafarauta, da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da masu saran madobiya, itacen da aka yi ta lodin sa daga Taraba zuwa China.

Mun ga yadda sauran suka ƙare. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sansanin Boko Haram. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, amma 'yan bindiga suka hana shiga. Dajin Rugu na Katsina da na Sububu a Zamfara wuraren kiwo ne da farauta a da. Duk labarin iri ɗaya ne: ma'aikata suka ragu, sintiri ya tsaya, mutanen kirki suka daina shiga, waɗansu suka shiga.

A Gashaka an ɗauki wata hanya. A 2017 Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors don gudanar da gandun tare, aka ɗauki sababbin jami'ai daga cikin mutanen yankin, aka horar da su, aka ƙarfafa sintiri. Abin da na gani da idona shi ne jami'in da ke tare da ni ya san rugagen da muka wuce, su ma sun san shi. Ɗan jagora ya samu kuɗin aikinsa, mai acaɓa ya samu, mai masauki a Nguroje ya samu. Duk wanda ke cin abinci daga zuwan baƙo yana da dalilin hana mugu zama a dajin.

Ban ce wannan zai magance matsalar gabashin Sakkwato ba, wadda ta riga ta yi nisa. Amma idan Allah Ya kawo zaman lafiya, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai riƙe dazuzzukan, kuma da me. Idan aka kore 'yan bindiga aka bar wurin babu kowa, an share wa na gaba fili ne kawai.

Ga mai sha'awar zuwa

Lokacin rani ya fi dacewa, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna na cika, hanyar Njawai kuma na lalacewa. A fara da ofishin gandun da ke Serti don izini da jami'i, a kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi daga gida. A ware aƙalla mako guda. A tafi da tsabar kuɗi, domin bayan Nguroje babu banki. A nemi takalmi mai ƙarfi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da kayan sanyi fiye da yadda ake zato. A fara motsa jiki makonni kafin tafiya, ko da hawan matakalar bene ne. Idan hazo ya rufe, a tsaya. Duk ledar da aka shiga da ita a fito da ita.

Sabis ya dawo mini ne a kan babur, muna dab da Nguroje. Kira na farko na mahaifiyata ne. Ba ta tambayi tsawon dutsen ba, ba ta tambayi abin da na gani ba.

Ta ce, "Ka yi kwana?" Ma'ana, na yi barci?

Na ce, "Na yi, Inna. Har sai da sanyin asuba ya tashe ni."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Allah Shi nuna muna wannan a gida."